Wa Zai Kai Maganar Masana Zuwa Gona da Zaure? Fashin Baƙi Kan Sana'ar Isar da Kimiyya ga Jama'a

A Kaltungo, kudancin Jihar Gombe, akwai asibitin da aikinsa shi ne jinyar waɗanda maciji ya sara. Dubban mutane ake kaiwa can duk shekara, daga Gombe da Bauchi da Taraba da Adamawa da Borno, har da masu tsallako iyaka daga Kamaru, kuma mafi yawansu kububuwa ce ta sare su a gona ko a wajen kiwo. Abin da dafinta ke yi a jiki likitoci sun san shi sarai tun shekarun 1970. Yana hana jini daskarewa, sai mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Gwajinsa ma ba ya buƙatar na'ura: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, in aka karkata ta aka ga jinin bai daskare ba, dafi ya shiga. In ba a yi magani ba, cikin mutum 100 ana iya rasa 10 zuwa 20. In aka samu ingantaccen maganin dafi a kan lokaci, adadin na sauka ƙasa da 2.

Duk wannan an rubuta shi, an buga a mujallun likitanci na duniya. Amma har gobe ana kawo mutum bayan kwana biyu ko uku, an ɗaure masa ƙafa da roba har ta kumbura suntum, an tsattsaga wurin da reza, an ɗura masa jiƙo. Tsagar nan da 'yan'uwansa suka yi don su cece shi ita ce ta buɗe wa jini hanya, tunda ba ya daskarewa. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin hankali ba ne. Abin da likita ya sani ne bai iso gare su ba, ko ya iso ta bakin da ba su yarda da shi ba. Cike wannan giɓi sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake koyo, ake ƙwarewa a kanta, ake kuma cin abinci da ita.

Matasanmu da ke gama digiri a fannin halittu ko sinadarai ko aikin gona a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, hanya biyu aka saba nuna musu, ko aji ko ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ta ukun ba kasafai ake ambatonta ba, in ma an ambata sai a ɗauka ɗaukar hoton shugaba ne a wajen taro.

Abin da ke fara rikita mutane shi ne, ma'aikata uku ne ake haɗawa a suna ɗaya, alhali iyayen gidansu daban-daban. Ɗan jaridar kimiyya gidan rediyo ko jarida ke biyan sa, amma mai sauraro yake yi wa aiki, kuma haƙƙinsa ne ya tambayi masani abin da masanin ba ya so a tambaya: wa ya ba da kuɗin binciken, mutum nawa aka gwada, me sauran masana suka ce. Jami'in hulɗa da jama'a na jami'a ko asibiti ko cibiyar bincike kuwa, an ɗauke shi ne don ya ɗaga sunan ma'aikatarsa. Sai mai wayar da kai, irin wanda hukumar lafiya a matakin farko ko shirin bunƙasa aikin gona ke turawa ƙauyuka. Shi ba a ji labari kawai yake nema ba, so yake a sauya wata ɗabi'a: a kai yaro rigakafi, a rufe hatsi, a daina barbaɗa maganin ƙwari a waken da za a ci. A garuruwanmu sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin biyu daga ciki, da safe yana ofis, da yamma yana gabatar da shiri a rediyo. Ban ga laifin haka ba, muddin ya san a madadin wa yake magana a kowane lokaci, mai sauraro ma ya sani.

Na tsakiyan nan shi ne wanda ya fi shiga tsaka mai wuya. A 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da masana a Jami'ar Kadif suka jagoranta. Sun tattara sanarwar manema labarai 462 da manyan jami'o'in ƙasar 20 suka fitar a 2011 kan binciken lafiya, suka gwada kowace da ainihin takardar binciken, sannan da abin da jaridu suka buga. Kashi 40 cikin 100 sun ba da shawarar da ta zarce abin da binciken ya nuna. Kashi 33 sun ce abu kaza ne ke jawo kaza, alhali an ga suna tafiya tare ne kawai. Kashi 36 sun yi magana kamar a kan mutane aka yi gwajin, alhali dabbobi ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, inda sanarwar ta zuzuta, jaridu ma galibi sun zuzuta, inda kuwa ta tsaya a kan gaskiya, kaɗan ne suka ƙara gishiri. Ashe ɗan jaridar da ake yawan ɗora wa laifi, sau da yawa daga gidan masanan ya ɗauko abin a haka.

Mu kawo shi gida. Farfesa ya shigo ofishin yaɗa labarai da murna, ruwan wani ganye ya sauke sukari a jinin ɓeraye. Shugabanni na son a ji sunan jami'a a ko'ina, kuma suna da hujja, domin suna ne ke jawo ɗalibai da tallafi. A nan ake gane ko jami'in ya san aikinsa. Zai gaishe shi, ya taya shi murna, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, ɓera nawa aka gwada? An kai ga mutum? An duba abin da yake yi wa hanta da ƙoda? Wata mujalla ta tantance ta buga?” Ba raini ba ne. Daga ɓera zuwa kantin magani akwai matakai uku na gwaji a jikin mutane, na farko a ga ko ba ya cutarwa, na biyu a ga ko yana aiki da kuma yawan da ya dace, na uku a gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubbai a kwatanta da maganin da ake da shi. Cikin magunguna 10 da suka kai ga fara gwaji a jikin mutane, kusan 9 ba sa kaiwa ga samun izinin sayarwa. To, in aka saki kanun labari cewa jami'a ta gano maganin ciwon sukari, kafin magariba ya zama saƙon murya a WhatsApp. Wata baiwar Allah a Azare ko Bajoga ta ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta mata ta koma tafasa ganye, mai tallar magani a tasha kuma ya samu sunan jami'a yana kira a lasifika. Jami'in da ya iya cewa “tukuna, ranka ya daɗe, mu rubuta abin da aka gani kawai” ya kare matar, ya kare farfesan daga dariyar abokan aikinsa, ya kuma kare sunan da aka ɗauke shi ya ɗaga. Labarin bai mutu don an faɗi gaskiya ba. Ana iya cewa an ga alama mai ƙarfafa gwiwa a dabbobi, ga abin da ya rage, ga shekarun da zai iya ɗauka, kuma kada kowa ya bar maganinsa.

Tunda an taɓo masu lasifika, ga wani abu da ya kamata duk mai wannan sana'a ya riƙa maimaitawa. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka lissafa. An duba ne ko za a iya sha ba tare da cutarwa ba, shi ya sa ake rubutawa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, mai saye kuma lambar kawai aka nuna masa.

Ainihin gwanintar aikin tana wajen lissafi, don nan ne magana ke karkacewa ko da kowace kalma daidai take. Ɗauki sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita, kimanin 150,000 a shekara. Kowane ma'aikacin lafiya ya haddace cewa in mai rukunin jinin AS ya auri mai AS, yiwuwar haifar mai sikila, wato SS, ɗaya cikin huɗu ne. Amma me saurayi da budurwa suka ji? Wasu sun ji cewa 'ya'ya uku na farko lafiya lau, sai a tsaya kafin na huɗu. Wasu iyayen da suka riga suka haifi mai ciwon sun ji cewa an gama biyan bashi, ukun da ke tafe sun tsira. Duka biyun kuskure ne, domin kowane ciki lissafinsa sabo ne. Mai bayanin da ya ƙware ba zai tsaya yana maimaita “kashi 25 cikin 100” ba. Zai sa a kawo ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa, a kowace ya jefa ƙwayar wake fara ɗaya da ja ɗaya. Ya kira wata daga cikin mata ya ce, “Inna, rufe ido ki ɗauko ɗaya nan, ɗaya nan.” In ja da ja suka fito, wannan yaron SS ne. A mayar da waken, wata ma ta zo ta ɗauka. Kafin a zagaye zauren za a samu wadda ta ɗauko ja da ja sau biyu a jere, da wadda ta yi sau shida ba ta haɗa su ba ko sau ɗaya. Daga nan ba sai an ƙara dogon bayani ba, sun gani da idonsu dalilin da ya sa gida kaza suke da masu sikila uku, maƙwabtansu kuma ba su da ko ɗaya. Hukuncin auren nasu ne da iyayensu. Aikin mai bayani ya tsaya a kan su yanke shi da sani.

Haka abin yake da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa, da ɗaukewarsa, da inda ake tsoron fari a tsakiya. Kundi ne mai taswira da jadawali, manomi kuwa tambayarsa ɗaya ce: “Malam, in shuka ko in dakata?” Wanda zai amsa dole ya san cewa daminar Toro da Dass ba ita ce ta Gamawa da Zaki ba, ta Balanga ba ita ce ta Nafada ba, ya kuma iya bambanta ruwan farko da ruwan shuka. Dole kuma ya faɗa ƙarara cewa hasashe ne, yana iya saɓawa. Wanda ya faɗe shi kamar yankan wuƙa, ranar da ya saɓa ya rasa masu sauraronsa har baɗi. In dattijo ya ce gaibu sai Allah, gaskiya ya faɗa, babu abin jayayya. Sai a ce masa, “Haka ne, Baba. Ai ku ma kuna duba iska da hadari ku ce ruwa ya kusa. Su ma alamu suke dubawa, sai dai nasu ma'aunin ya kai har teku.” Na sha ganin masu ilimin boko suna jin nauyin cewa “in Allah Ya so” a cikin bayanin kimiyya, kamar zai rage masa daraja. Ba ya ragewa. Mutumin da ke magana a kan abin da bai faru ba tukuna, a wajenmu haka ake magana, kuma ya fi kusa da gaskiyar hasashe fiye da cika baki.

Sai dai iya bayani rabin aikin ne. An daɗe ana ɗauka cewa in mutane suka ƙi wani abu na kimiyya, rashin sani ne, a ƙara musu bayani za su karɓa. A Birtaniya ƙungiyar manyan masana ta Royal Society ta fitar da rahoto a 1985 tana kiran masana su fito su ilmantar da jama'a. Sai ga cutar haukan shanu: hukumomi suka yi shekaru suna cewa naman lafiya lau, a 1996 suka dawo suka amsa cewa da alama yana da alaƙa da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa a jikin mutane. A 2000 wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya ce matsalar ta yarda ce, kuma maganinta a zauna a saurari juna.

Mu namu darasin ya fi wannan ɗaci. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba gaskiya ba ne, yara da yawa kuma sun shanye a dalilinsa. Amma wanda ya ce jahilci ne kawai bai fahimci abin da ya faru ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Mutane ba su manta ba. Suna kuma da wata tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigon kyauta, alhali in yaro na zazzaɓi muka je asibiti sai an ce mu sayo magani? Abin da ya juya lamarin ba ƙarin fosta ba ne. An kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Sarakuna sun shigo a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. An ɗauki matan unguwa suna shiga gidaje, suna zuwa suna da barka, waɗanda cutar ta shanye wa ƙafa su ma suka fito suna magana da iyaye. An kuma fara haɗa rigakafin da duba marasa lafiya da ba da wasu magunguna, wato an amsa tambayar da aka yi. A 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wannan darasi yana nan a gabanmu duk rani. Bauchi na cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa da zazzaɓin Lassa a rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, na 'yan shekarun nan. Cutar, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, wani ɓera ne ke ɗauke da ita, yana zuba ta a abinci ta fitsari da kashi. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, shi ya sa ake raina ta, ragowar kuwa tana iya kai su kabari in aka makara. Saƙon da ake bayarwa daidai ne: kada a shanya abinci a ƙasa, a rufe hatsi, a je asibiti in zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya. Amma matar da ke shanya rogo a bakin kwalta ba don ba ta ji rediyo ba ne. Ba ta da wani dandamali, kwaltar ce wuri mafi zafi da ta samu. Wanda ya je ya zauna da ita zai dawo da tambayar da ta fi amfani: da me za a ɗaga shanyar daga ƙasa, nawa ne kuɗinsa, wa zai iya haɗa shi a garin? Kai wannan tambaya ga masana da hukuma shi ma aikin mai isar da kimiyya ne. Saƙo ba hanya ɗaya yake bi ba.

Ya kamata kuma mai sha'awar aikin ya san iyakarsa tun da wuri. Magana ba ta maye gurbin magani. In ka shawo kan mutane su garzaya asibiti suka tarar babu abin da ka yi musu alkawari, kai ne maƙaryaci a idonsu, gobe kuma ba za su zo ba. Kafin ka ce a je, ka tabbata akwai abin da za a tarar, in babu, ka faɗa wa waɗanda suka aiko ka.

Inda aka fi gwada amanar mutum shi ne batun da masana da jama'a ke ja-in-ja a kai. A 2019 aka saki irin waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar, wanda aka sanya wa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Yana rage feshi daga sau shida zuwa takwas ya koma kamar sau biyu. Mai talla a nan zai tsaya. Mai bayani zai ƙara cewa sauran ƙwari suna nan, shi ya sa ba a daina feshin gaba ɗaya ba, kuma ba ya hana ƙwarin da ke cin wake a buhu. Zai faɗi cewa hukumar NBMA, mai sa ido kan tsirran da aka sauya wa ƙwayar halitta, wadda aka kafa a 2015, ce ta ba da izini, ya kuma saurari masu tambayar wa zai riƙe iri nan gaba, ba tare da ya kira su maƙiya ci gaba ba. Tambayar ko abu na cutarwa ta masana ce su amsa da hujja. Tambayar wa zai amfana kuwa ta kowa ce.

To, ta ina ake shiga? Ƙofa biyu ce. Wanda ya karanta kimiyya sai ya koyi rubutu da magana a makirufo da tace murya da bidiyo a waya. Wanda ya karanta aikin jarida sai ya koyi karanta takardar bincike, ya san bambancin gwajin da aka yi wa mutum 12 da wanda aka yi wa 12,000, ya san cewa abu biyu na iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. A ganina na farkon ya fi saurin kamawa in yana da kunnen harshe, amma shi ne kuma ya fi faɗawa cikin dogon Turanci da kare abokan karatunsa. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta raba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, ciki har da hulɗa da jama'a da sadarwa don ci gaban al'umma, kuma wannan na biyun shi ne mafi kusa da abin da muke magana a kai. Wanda zai riƙe muƙamin jami'in hulɗa da jama'a ya sani cewa dokar 1990 ta wajabta rajista da cibiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NIPR. Akwai kuma waɗanda suka share fage, irin su Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Yobe da ya yi karatu da bincike a Jami'ar Saseks ta Ingila, wanda ya kafa Science Communication Hub Nigeria don haɗa masana da 'yan jarida da jama'a. Shafin The Conversation Africa da aka buɗe a 2015 yana haɗa malamin jami'a da edita su mayar da bincikensa rubutun da kowa zai karanta.

Da wuya ka ga tallar gurbin aiki da wannan suna a Bauchi ko Gombe. Aikin yana ɓoye ne a ƙarƙashin wasu sunaye: jami'in yaɗa labarai a jami'a ko asibitin koyarwa, mai wayar da kai a hukumar lafiya, malamin gona, mai shirya shiri a gidajen rediyo irin su BRC da Globe FM a Bauchi ko Progress da Jewel FM a Gombe, jami'in sadarwa a ƙungiyoyin agaji. UNICEF na da babban ofishi a Bauchi da ke kula da jihohin wannan yanki, manyan masu ba da tallafin bincike na waje kuma yanzu suna son a nuna musu yadda za a tattauna da al'ummar da aka yi binciken a cikinta. Abin da ake tambaya a duk waɗannan wurare shi ne, me ka taɓa yi? Ɗalibin da ya ɗauki binciken malami ɗaya a sashensu ya mayar da shi bayanin murya na minti uku, ya kai wa malamin ya duba, sannan ya kunna wa kakarsa ya tambaye ta me ta ji, ya maimaita haka da bincike goma, ya fi mai takardar shaida da babu aikin nunawa.

Maganar kuɗi kuwa a faɗe ta yadda take. Gidajen rediyo da yawa sayar da fili suke, kuma mai maganin “cuta 99” ya fi mai shirin kimiyya kuɗin saye. Ƙungiyoyi na biya da kyau, amma kwantiragi ne, ranar da tallafi ya ƙare aiki ya ƙare. Aikin gwamnati ya fi tabbas, albashinsa ya fi ƙanƙanta. Ga kuma ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota, wanda ke sa tambaya ta maƙale a wuya. Wanda ya saba karɓa daga kamfanin iri ko na magani ba zai iya yi musu tambayar da manomi ke buƙata ba.

Mai jin harshe fiye da ɗaya yana da babban jari a wannan yanki. Hausa na kai saƙo kasuwa da tasha, amma a ruga Fulatanci ne ke shiga zuciya, a kudancin Gombe akwai Tangale da Waja da Tula, akwai Tera da Bolanci, a Bauchi akwai Sayanci da Jaranci da wasu da dama. Jita-jita ba ta jiran fassara. A Agustan 2014, cikin dare ɗaya saƙon wanka da ruwan gishiri da shan sa don kariya daga Ebola ya karaɗe ƙasar nan, har Arewa inda cutar ba ta taɓa zuwa ba, aƙalla mutum biyu suka mutu. Ta waya ya bi, daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa, kowa da harshen gidansu. Gyaran ma ta nan ya kamata ya bi, da muryar wanda aka sani.

Jami'o'inmu da asibitocin koyarwa suna da rawar da ba su taka ba tukuna. Ofisoshin yaɗa labaransu sun fi fitar da sanarwar bikin yaye ɗalibai da ziyarar manya, bincike kuwa yana kwance a kanta, har da wanda aka yi da kuɗin TETFund, wato kuɗin jama'a, a kan ruwan rijiyoyinmu da ƙasar gonakinmu da cututtukan yaranmu. Ina ganin ya dace a sharɗanta cewa duk binciken da aka yi a cikin wata al'umma a koma a gaya mata abin da aka gano, a shafi ɗaya na Hausa da bayanin murya na 'yan mintuna, da harshen garin in akwai hali, a gaban mai unguwa da waɗanda aka ɗebi jininsu ko ƙasar gonarsu. Wanda zai yi wannan aiki kuma a ɗauke shi a matsayin ma'aikaci mai gurbi da albashi da matakan ƙarin girma, a sa shi cikin binciken tun ranar da ake tsara shi, ba sai an gama a kira shi ya zo da kyamara ba.